Na Kai Laminu Zariya Neman Magani

Da hantsi muka sauka a Sabon Gari, ni da ƙanena Laminu, jaka a kaina, hannunsa a cikin nawa. Ni 'yar Maraɗi ce, ɗinki ne sana'ata, kuma ban taɓa taka ƙasar Najeriya ba sai a wannan tafiyar, a shekarun da wayar hannu ta fara shiga hannun talaka. Iyakar abin da na sani game da Zariya shi ne maganar wata maƙwabciyarmu, wai akwai babban asibiti a can da likitocin ƙwaƙwalwa.

Laminu ya kusa shekara ashirin a lokacin. Ya fi ni tsawo, ƙirjinsa kamar na ɗan kokawa. Tun yana ƙarami bai yi magana kamar sauran yara ba. Kalmominsa ba su da yawa, yana cewa "ruwa," yana cewa "a'a," wani lokaci ya ce "Inna." Ba ya kallon mutum a ido. Idan ya samu famfo yana zuba, zai iya wuni a gabansa yana sa yatsa a ruwan, yana wata 'yar guna a maƙogwaro mai kama da waƙa. A haka muka tashi da shi lafiya lau. Sai da ya zama saurayi duka ya shigo. Ya fara da cizon hannunsa, ya koma buga kai a bango, daga nan ya dawo kanmu. Ranar da ya ture Inna ta faɗi hannunta ya karye, dattawan unguwa suka ce a sa masa mari a ƙafa. Inna ta ce ba tana numfashi ba. Babanmu ya rasu, ni ce babba, shi ya sa tafiyar ta faɗo kaina.

Tashar ta kusa haukata shi. Ga 'yan acaɓa, ga odar motoci, ga janareto ko'ina yana ruri. Ya toshe kunnuwansa da tafin hannu ya fara jijjiga jiki, ni kuwa na san abin da ke biyo bayan jijjigar. Na tambayi wani mai shayi ina likita take. A wurinmu idan ka ce likita, gidan maganin kake nufi. Mai shayin ya ce, "Wane likitan? Meye sunansa?" Waɗanda ke kan benci suka yi dariya.

A nan wani mutum ya matso, da fararen kaya masu guga da biro a aljihu.

"Hajiya, daga Nijar ko? Sannunku da hanya. Yaron ne ba lafiya?"

Jin an kira ƙasarmu kaɗai ya sa na ji kamar na ga ɗan'uwa. Ya ce shi ma'aikacin asibiti ne, ya ce baƙo ba ya samun ganin babban likita sai ya yi watanni yana jira, amma ya san inda babban likitan yake duba mutane a cikin gari. Na bi shi. Muka ratsa lunguna har wani shagon magani mai labule a bayansa. Mai shagon yana wani Turanci na kasuwa da ba na kama ko kalma ɗaya a ciki, mai fararen kayan yana fassara mini abin da ya ga dama. Maza uku suka danne Laminu aka yi masa allura. Na ba da abin da aka ce in bayar. Ya yi barcin da ban taɓa gani ya yi ba, har na ɗaga hannu na gode wa Allah da ya haɗa ni da mutanen kirki. Suka ba mu wani ɗaki a bayan shagon muka kwana, da safe aka ƙara masa wata allurar, aka ƙulla mini ƙwayoyi a leda.

Bayan azahar na ga wuyansa yana juyawa gefe ɗaya. Na ɗauka wani abu yake kallo. Sai idanunsa suka kafe sama, harshensa ya fito, bayansa ya lanƙwashe. Na fita da gudu neman mai fararen kaya, aka ce ba a san shi ba. Mai shagon ya sa aka fito da Laminu da jakarmu aka ajiye a bakin titi, ya ja ƙofarsa ya sa kwaɗo.

Mutane suka taru a kanmu. Wani ya ce farfaɗiya ce, wani ya ce aljanu ne, wata ta kawo albasa tana kai masa hanci. Ni ina durƙushe ina riƙe da kansa, ina tunanin yadda zan gaya wa Inna na kawo mata ɗa wata ƙasa na kashe shi. Sai wata dattijuwa ta ratso taron, da kwandon tumatir a hannu da ɗan gicciye a wuya.

"Me aka ba shi?" ta ce.

Na nuna mata ledar. Ta duba, ta dubi shagon da ke rufe, ta yi tsaki. Ba ta ƙara tambaya ba, ta tare mota, ta sa samari suka ɗauke shi, ta ce wa direba Shika.

A babban asibitin da ke Shika suka karɓe mu nan take. Suka karɓi ledar, suka yi magana tsakaninsu, sai na ga an sake zaro allura. Na tare da jikina na ce a'a, allura ce ta mayar da shi haka. Dattijuwar ta kama kafaɗata ta ce, "'Yata, bar su." Aka yi masa. Kafin in gama addu'ar da ke bakina wuyan ya saki, harshen ya koma, ya dubi bango ya ce, "Ruwa." Na zauna a ƙasa. Allura ce ta murɗe shi, allura ce kuma ta kwance shi, na rasa wadda zan ji tsoro.

Sunan dattijuwar Mama Saratu, mutuniyar kudancin Kaduna, tsohuwar malamar firamare. Gidanta a Samaru yake, ɗalibai na haya a ɗakunan gaba. Da ta ji ba mu da kowa, ta buɗe mana ɗakin ɗanta da ya tafi aiki Legas. Ta nuna mini alƙibla da kanta, ta ce ta zauna da Musulmi tun kafin a haife ni. Ni kuma na samu tsohon keken ɗinkinta a lungu na gyara, nake yi mata ɗinki ita da matan cocinsu.

Samaru gari ne na 'yan boko. Ɗalibai za su fara magana da Hausa, ina bi ina ganewa, sai su tsallaka Turanci su bar ni a tsakiyar hanya. Ni ɗan abin da na tsinta a makaranta Faransanci ne, ba ya yi mini amfanin komai a nan. Suna dariyar Hausata, ni ma ina jin tasu wani iri. Tuwon masarar Mama yana da daɗi, amma gero nake marmari. Wata rana na ji wani mai sayar da ruwa a kura yana magana da harshen garinmu, na tsaya a bakin ƙofa ina saurarensa har ya sha kwana, ban ko sayi ruwan ba.

Ranar da aka ba mu ta ganin likitan ƙwaƙwalwa, Laminu ya fasa mini leɓe a cikin mota saboda direba ya ƙure rediyo. Da bakin a kumbure na shiga. Likitan Bazazzagi ne mai tabarau, ba shi da gaggawa. Ya yi ta tambayata abubuwan da na ɗauka ba su da alaƙa da ciwo. Yana jariri yana waiwayowa idan an kira shi? Yana wasa da yara? Yana nuna abu da yatsa? Yana jin haushi idan an sauya masa wurin zama? Na yi mamakin yadda mutumin da bai taɓa zuwa gidanmu ba yake tambaya kamar a tsakar gidanmu ya girma.

Daga ƙarshe ya ce, "Malama, abin da ke tare da ƙanenki ana ce masa otizim. Ban san masa suna da Hausa ba."

"Hauka ne, Likita?"

"Ba hauka ba ne."

"To aljanu ne?"

"Abin da na sani shi ne haka ƙwaƙwalwarsa ta taso tun yana ƙarami. Ƙarar da ke ba za ki damu da ita ba, shi tana iya yi masa zafi. Kuma ba shi da bakin da zai faɗa."

"To a ba shi maganin ya warke."

Ya cire tabaransa ya goge. "Babu maganin da ke warkar da shi."

Na ce, "To me na zo yi, Likita?"

Ya ce akwai ƙwayar da ke rage fushin da dukan, sunanta risferidon. Ba za ta sa ya yi magana ba, ba za ta sauya shi ba, za ta dai sassauta. Za a fara da kaɗan. Ya ce zan ga barci, zan ga yawan ci, wataƙila miyau, kuma idan na ga jikinsa na ƙagewa ko rawa in dawo da shi ba jira. Kada in ƙara, kada in daina da kaina. Ya ce in riƙa yi masa komai a kan lokaci ɗaya kullum, in raba shi da hayaniya, don maganin shi kaɗai ba ya isa.

A layin karɓar magani na tsaya bayan wata mata, muka taɓa hira. Ta ce mijinta ne ke jin muryoyi, yana cewa ana binsa. Da aka miƙo mata nata na ga kwalin irin nawa ne sak. Na koma na tsaya a ƙofar likitan har ya fito.

"Likita, ka ce ba hauka ba ne. Ga shi ka ba ni maganin masu taɓin hankali."

"Gaskiya ne, don su aka fara yin sa. Amma yana taimakon wasu irin Laminu." Sai ya ƙara da cewa, "Gara ki ji daga bakina. Allurar da aka yi masa a Sabon Gari, danginsu ɗaya da wannan. Can an ɗura masa da yawa ne ba tare da an san me ke damunsa ba. Nan za mu bi a hankali, muna dubawa."

Na fito da kwalin a hannu kamar na riƙo garwashi. A mota na yi ta juya maganar. Ciwon ba hauka ba ne amma maganin na hauka ne. Maganin ba ya warkarwa amma dole a sha. Ɗan'uwan abin da ya kusa kashe shi ne, kuma ni ce zan sa masa a baki da hannuna.

Na sa masa. A cikin kunu nake ba shi.

Kafin wata ya ƙare gidan ya yi tsit. Ya daina cizon hannu, tabon ya fara bushewa. Na fara barin shi a tsakar gida in shiga wanka ba tare da gabana na faɗuwa ba. Matan coci da a da suke miƙo ɗinki daga bakin ƙofa suka fara shigowa har ciki. Mama Saratu tana cewa, "Mun gode Allah, mun gode Allah." Ni ma ina cewa.

Amma ga abin da ban gaya wa kowa ba da farko. Yana cin nasa ya ci nawa, rigunansa suka matse shi. Yana zaune a inda na ajiye shi, miyau na zuba a haɓarsa. Akwai famfo a tsakar gidan, ranar da aka kawo ruwa na buɗe masa shi da gangan. Ya kalle shi kamar yadda yake kallon bango. Gunar nan tasa ta ɗauke. Na yi shekara da shekaru ina roƙon Allah ya ba mu shiru a gida, ga shirun ya zo, na kasa zama a cikinsa.

Wata la'asar muna tsinke zogale na ce, "Mama, maganin nan wa yake yi wa aiki? Shi ko ni?"

Ta zuba ganyen da ta tsinke a kwano. Can ta ce, "Ban sani ba, Ramatu. Na dai ga bakinki ya warke. Shi ma goshinsa ya warke."

"Amma kamar ba ya nan."

"To da can da yake buga kai, yana nan?"

Na ci gaba da tsinke zogalen.

Na kai wa likita wannan maganar. Ya saurara, ya ce zai so a ɗan ƙara lokaci jikin ya saba kafin a taɓa komai. Na yarda, don ban san abin da zan ce in ban yarda ba.

Ana cikin haka dukan ya dawo. Yana shan maganin, ban tsallake ko sau ɗaya ba. Ya fara ture kwanon abinci, shi da ba ya ƙoshi. Ya koma naushin fuskarsa. Wata safiya wani ɗalibi mai haya ya wuce ta gabansa yana fito, Laminu ya miƙe ya make shi har littattafansa suka watse a kwata. Ɗalibai suka taru a ƙofar Mama, rabi Hausa rabi Turanci. Abin da na fahimta shi ne, ko mu ko su. Wani ma ya ambaci 'yan sanda. Hayar nan da ita Mama take ci. Na shiga ɗaki na fara naɗe kayanmu, ba tare da na san inda za mu ba.

Ta leƙo ta ce, "Ajiye jakar nan. Na roƙe su su ba ni zuwa ranar asibitinku."

Na ce ko in ba shi ƙwaya biyu, tunda ɗaya ta daina aiki. Ta ce, "Ba ke kika ce mini ya hana ba?"

Na zauna kusa da shi ina share masa miyau da gefen zanena. Sai na ji wani wari daga bakinsa. Na duba da kyau, kuncinsa na hagu ya fi na dama tudu. Ƙibar da ya yi ce ta ɓoye kumburin. Laminu ba ya yarda a buɗe masa baki, ko ni. Na jira har ya yi hamma, na leƙa. Haƙorin can ciki na tauna ya zama baƙi, ya rube har dasashi.

Ban jira ranar asibiti ba, na kai shi wurin likitan haƙori. Sai da aka sa shi barci kafin a cire. Likitan haƙorin ya nuna mini shi a faranti, ya ce wannan ya daɗe yana cinsa.

"Tun yaushe?" na ce.

"Ya daɗe. Irin wannan yakan tashi ya kwanta."

Kumburin na sauka, naushin ya tsaya. Ɗaliban suka haƙura, wanda aka maka ɗin ma ya kawo masa lemo.

Ni kuwa sai sabon ruɗani. Na tuna yadda a gida yakan ƙi ruwan randa mai sanyi wani lokaci, mu ce rigima ce. Na je wa likitan ƙwaƙwalwa da tambayar da ta hana ni sukuni.

"Likita, ko dama haƙori ne tun farko? Ko hannun Inna saboda haƙori ya karye? Ko duk ƙwayar nan a banza na ba shi?"

Ya ce, "Mai yiwuwa haƙorin yana ciki. Wanda ba ya iya cewa nan ke mini ciwo, sau da yawa da hannu yake faɗa. Amma kin ce rediyo ma na sa shi duka, rediyo kuwa ba haƙori ba ne. Ba zan iya raba miki wanne ne wanne ba. Abin da za mu iya shi ne mu rage maganin kaɗan-kaɗan mu gani."

Aka rage. Barcin ya ragu, miyau ya tsaya, ya fara tashi yana zagaya tsakar gida. Tare da haka ya fara mintsinin mutane, idan aka sauya masa kofi ko aka yi baƙi da yawa. Da aka ƙara ragewa ya fasa madubin Mama, likita ya ce a koma inda aka baro. A nan muka tsaya, rabin ƙwaya. Ba shi ne Laminun da na taso da shi ba, ba kuma wanda ya zauna kamar buhu ba ne. Likita ya rubuta mana takardar da za mu kai wa likitocin ƙasarmu su ci gaba da duba shi, ya ce wataƙila wata rana a daina, wataƙila a'a.

A bakin titin Samaru akwai wata yarinya mai lema da teburi da ake biya a buga waya. Na kira lambar mai shagon ƙofar gidanmu na ce a kira mini Inna. Na tsaya riƙe da Laminu har aka je aka zo da ita. Tana ɗaga murya kamar daga Maraɗin take so in ji ta ba waya.

"Ramatu! Ya warke?"

Na buɗe baki na fara. Na ce ba hauka ba ne, Inna, amma maganin na masu hauka ne. Na ce ba ya warkewa amma ya yi sauƙi. Na ce akwai haƙori. Na ce har yanzu yana mintsini, kuma ban san ko zai sake ture ki ba. Ina jin kaina ina magana kamar mai sambatu.

Ta katse ni. "Ba ni shi."

"Inna, kin san ba zai yi magana ba."

"Na ce ba ni shi."

Na kanga masa wayar a kunne, ina jiran ya ture ta. Bai ture ba. Ya tsaya cak, idonsa a kan motocin da ke wucewa. Ban ji abin da take faɗa masa ba, ban ma san ko tana magana ba. Shi dai numfashi kawai yake yi a ciki. Mai lemar ta fara kallona, na ɗauke kai. Da na ga abin ya yi tsawo na karɓa.

"Inna?"

Na ji tana jan hanci. "Ya yi ƙiba," ta ce. "Ina ji a numfashinsa."

"Maganin ne, Inna."

"To. Ku taho gida."